Geralda, Mai Zama da Mutum Kafin Allura Ta Nufi Zuciyarsa

Da ƙarfe sha ɗaya da rabi, daidai lokacin da keken abinci ke fara zaga ɗakunan hawa na huɗu, Dona Geralda, wato Uwargida Geralda a bakin mutanenmu, kan wanke hannu, ta tuɓe hular aiki, ta jawo wata 'yar kujerar roba daga bayan ƙofa, ta hau bene da ita a hammata. Lokacin hutunta ke nan. Abokan aikinta sun gangara ƙasa neman shinkafa da wake, ita kuwa ta nufi gadajen waɗanda za a shiga da su ɗakin aikin zuciya washegari. Ba ta zuwa da takarda, ba ta zuwa da abin awon jini. Takan ajiye kujerar ta zauna, kanta ya yi ƙasa da na maras lafiya, ta buɗe nata kwanon su ci tare. Wanda bai sani ba sai ya ce wata 'yar ƙauye ce ta zo duba ɗan'uwanta.

Shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya a wannan asibiti na birnin Belo Horizonte, ashirin da 'yan kai daga ciki a ɗakin da ake gyaran bugun zuciya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ji an ce za a yanka kek, shugaban sashe zai yi jawabin minti biyar, a miƙa mata fure. To, ni abin bai ishe ni ba.

Sunana Zulmira, shekarata saba'in da takwas. Na koyar da ilimin halittu shekara talatin da huɗu, kuma abin da na fi nanata wa ɗalibaina shi ne kada su karɓi magana don kawai mai farar riga ne ya faɗe ta. Waɗanda suka san ni sun san yabo ba ya fita daga bakina da sauƙi. Ita kanta wannan da nake yabo yau, na taɓa yin mako bakwai ba na amsa gaisuwarta.

Mu mutanen arewacin jihar Minas ne, daga wata gona a bakin kogin São Francisco, can bayan garin Januária. A gidan laka aka haife mu, mu bakwai, kuma kowace tsaga ta bangon akwai wani ƙwaro a ciki da muke kira wanzami, wanda ke saukowa ya sha jinin fuskar mai barci. Ba mu ɗauke shi komai ba. Gidan nan ne ya sa mana cuta, amma har yau idan na rufe ido ƙamshin bangonsa nake ji bayan ruwan farko, da ƙarar innarmu tana tuyar garin rogo a babban kasko. Babanmu ya faɗi a gona da fartanya a hannu yana ɗan shekara arba'in da ɗaya, aka ce kwanansa ne ya ƙare. Wanmu ya faɗi a bakin rijiya. Sai da na shiga makarantar coci na karanta sunan abin: cutar Chagas. Ƙwayarta kan kwanta a jiki shekara ashirin, talatin, tana cin naman zuciya a hankali tana barin tabo. Yanzu ana ta cewa an gama da ita, tun da an feshe gidaje an kashe ƙwaron. A bango aka gama da ita. A ƙirjinmu tana nan.

Cikin mu bakwai biyu muka rage, ni da ƙanena Belmiro. Ni aka tura makaranta, shi ya tsaya a gona, bai kuma taɓa ganin an cuce shi ba. Yana da shekara sittin da biyu zuciyarsa ta fara ɓallewa da gudu ba dalili, har ya sume a cikin shanu. Likitoci suka dasa masa wata na'ura kamar akwatin ashana a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke make zuciyar da lantarki idan ta haukace. Shi alfadari yake kiran ta, don ya ce bai taɓa shan shuri irin nata ba sai na alfadarin babanmu. Alfadarin na ceton rai, amma wanda ya sha shurinsa sau ɗaya ba ya sake sakin jiki. Aka ce ba zai zauna inda ke da tafiyar awa goma daga asibiti ba, don haka ya dawo gidana, hawa na tara. Shekara huɗu. Mutumin da ke tashi kafin zakara ya koma mai tsayuwa a taga, yana kallon gajimare yana gaya mini ko an yi ruwa a gonar da ke nesa da mu kilomita ɗari shida. Ba ya kulle ƙofa idan zai yi wanka, kada ya faɗi a ciki a rasa hanyar shiga. Bai taɓa roƙon komai ba sai abu guda, ya koma gida.

An gwada masa aikin da aka saba, wato a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a lalubo tabon da ke rikita bugu, a ƙone shi. Bai yi ba. Likita Otávio, wanda ke duba shi, ya zana mini dalili a bayan wata ambulan: tabon Chagas yakan zauna ta wajen bangon zuciya, ƙona shi daga ciki kuwa kamar mutum ne yana zaune a ɗaki yana son yaɓe tsagar da ke ta waje. Sai an zagaya. Zuciya na cikin wata jaka, tsakaninsu kuma babu fili, kamar shafi biyu na littafin da ruwa ya jiƙa. Ana soka doguwar allura ta ƙasan ƙashin ƙirji, a karkace, a bi sannu ana kallon hoto, har bakinta ya shiga tsakanin jakar da zuciyar ba tare da ya huda zuciyar ba, alhali ita ba tsayawa take tana jira ba. Ta nan waya ke shiga ta zaga bayanta. Likitocin ƙasarmu na birnin São Paulo ne suka fara dabarar, saboda irin mutanenmu, na kuwa yi alfahari da ita kamar ni na ƙirƙiro. Na karanta duk abin da hannuna ya kai. Na ɗauka babu abin da ya rage mini.

Wata goma sha ɗaya muna layi kafin a ba shi gado. Ran Laraba aka kwantar da shi, za a yi aiki Alhamis da safe. Aka miƙo takardar tambayoyi, Belmiro kuwa karatunsa bai wuce sa hannu ba, sai na cika masa. Da na zo layin da ke tambayar ciki da bayan gida, na ɗaga kai na ce, lafiya dai ko? Ya ce lafiya lau, Yaya. Na rubuta. Ni da na sha zana wa ɗalibai a allo cewa Chagas ba zuciya kaɗai take ci ba, takan kashe jijiyoyin babban hanji ya saki ya kumbura. Na sani a allo. Amma a wurinmu mace ba ta yi wa ƙanenta irin wannan tambaya sau biyu. Shi ma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya taso ya ga babansa da kawunnansa na fama da shi, a wurinsa ba ciwo ba ne, haka cikin namiji yake.

Da rana sai ga wata gajeriyar mata mai furfura da kujera a hammata. Ta ce sunanta Geralda, gobe tana ciki tare da shi, ta zo ne ta ga wanda za ta wuni da shi. Daga maganarta na gane 'yar kwarin Jequitinhonha ce, maƙwabtanmu a talauci da fari. Ta zauna ta buɗe kwanonta. Belmiro ya shanye romon wake, ya bar shinkafar, ya bar garin rogon da na kawo masa daga gida.

"Malam Belmiro, kai wane irin ɗan arewa ne da ke ganin gari ya kau da kai? Ko zaman bene ya mai da kai ɗan gayu?"

Ya yi dariya ya ce gari yanzu ya fi ƙarfinsa. Ta tambaye shi shanunsa, ya lissafa mata su da sunayensu, har da waɗanda suka mutu. Ni dai na ga ɓata lokaci ake yi. Ban lura da abin da take kallo ba: hannuwa sun rame, ciki ya yi tudu, igiyar wando a kwance. Can sai ta shiga labarin babanta, kamar ya faɗo mata ne kawai.

"Tsohona, Allah ya jiƙansa, kwana goma sha biyar yake yi bai zagaya ba. Duk kwarinmu ba wanda ya kama ƙafarsa. Har taƙama yake yi da abin."

Belmiro ya ajiye cokali.

"Sha biyar? Ai tsohonki yaro ne, Dona. Bara na yi ashirin da biyu, sai da na sha filasko tukunya guda."

A gidana ya yi waɗannan kwana ashirin da biyu. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa.

Ba ta nuna komai ba. Ta ce lallai ya ci tsohonta, ta ƙarasa abincinta ba gaggawa, ta rufe kwano, ta ɗauki kujerarta. Abin da ya faru a ofis daga baya Likita Otávio ne ya ba ni labari da bakinsa. Ta ce masa gobe ba ita za ta miƙa masa allura ba sai ya ga hoton cikin mutumin nan. Ya ce hoton ƙirji lafiya, takarda lafiya, na'urar ɗaukar hoton ciki kuma a cike take har Juma'a, idan aka jira an rasa gobe ke nan.

"Takarda ta ce lafiya lau, Likita. Cikin ya ce kwana ashirin da biyu. Ka duba wanda za ka soka a cikinsu."

Aka ɗage aikin. Na tare ta a baranda, kuma zan faɗi abin da na ce don ban cancanci a ɓoye mini shi ba. Na ce wata goma sha ɗaya muna jira, ita wa ya sa ta, wace makaranta ta yi da za ta soke aikin likita?

"Wadda kika fara yi ce, Malama, mai bangon laka. Ni dai ban gama ta ba."

Ran Juma'a aka ɗauki hoton. Babban hanjinsa ya kai kaurin damtsen ƙato, ya naɗe ya hau sama, ya kwanta a gaban hanta daidai ƙasan ƙashin ƙirji, nan inda allurar za ta bi.

Ba zan ce daga nan komai ya yi daɗi ba, don ba haka aka yi ba. Sai da aka wanke masa hanji, aka nemo ranar da likitan fiɗa da Likita Otávio za su samu ɗaki tare. Mako bakwai. A cikinsu alfadari ya shure shi sau biyu. Na biyun a ɗakin girkina ne, da kofin kofi a hannunsa, ya zube a ƙasa, da ya dawo hayyacinsa ya ce da an bar shi ya faɗi a gona kamar Baba, da ya fi. Duk zuwanmu asibiti a makonnin nan Geralda kan gaishe ni, ni kuwa in kalli bango. Na gaya wa kaina ita ta jawo masa shurin nan biyu. Gaskiyar ita ce ta yi daidai a wurin da na yi kuskure, a gaban ƙanena, kuma ban iya yafe mata wannan da wuri ba.

Ranar aikin, likitan fiɗa ne ya fara shiga ta wata 'yar ɓula a ciki da siririyar kyamara, ya kawar da hanjin gefe, allura ta wuce ana ganin ta ƙuru-ƙuru. Awa biyar suna bin bayan zuciyar suna ƙona tabo. Da aka fito da shi da siririn bututu a ƙirji don ruwan jakar ya tsiyaye, Geralda ta zauna tana duba launin abin da ke fita har ta miƙa aiki. A nan na je mata da jawabin ban haƙuri da na tsara, mai sakin layi uku. Ban gama na farko ba ta ce, Malama, kin ci abinci kuwa?

Ba na son labaran al'ajabi, don haka na tsare Likita Otávio na tambaye shi ko lallai allurar za ta huda hanjin. Ya ce ba zai rantse ba, wataƙila ta goge shi ta wuce. Amma da ta huda, ƙazantar hanji za ta ɗauka ta kai cikin jakar zuciya, ba ya kuma son ya san ƙarshen wannan labari.

Tun daga nan na shiga ƙungiyar masu wannan cuta, na ji abin da wasu suka gani. Wani direban babbar mota ya ce ita ta lura yana kora kowace loma da ruwa, ashe maƙoshinsa ne ya saki yana tara abinci, aka tsotse shi kafin a sa shi barci, da ba don haka ba da ya shaƙe. Wata tsohuwa ta ƙi aikin ƙememe don ta ji an ce za a fito da zuciyarta waje. Geralda ta sa lemo a leda, ta zare tsinken gashinta ta zura tsakanin ledar da lemon, ta ce duba, ko ɓawon ban taɓa ba. Tsohuwar ta cinye lemon ta sa hannu. Mai sharar hawa na huɗu ta ce ba ta tuna ranar da ta ga Geralda a wurin cin abincin ma'aikata ba.

Ke ce, Geralda, mai gajeren zama da dogon kallo. Ke ce kika san mutanenmu ba sa amsa tambaya, amma ba sa yarda a fi su. Kin ɗauki kunyar da ta rufe bakin iyayenmu har kabari kin mai da ita abin taƙama na minti ɗaya, daidai yadda magana za ta fito. Kin sayar da sirrin tsohonki sau ɗari don ki sayi na wasu, na kuma tabbata da yana raye da ya yafe miki. Nakan yi tunanin babanmu. Ba allura a zamaninsa, ba waya, ba abin da za ki iya yi masa. Amma da na so ko sau ɗaya wani ya zauna ƙasa da shi ya tambaye shi yadda yake ji.

A asibitin ana cewa baiwa ce Allah ya yi mata. Ban yarda ba, kuma ina roƙon ku ku daina faɗa. Idan aka kira abu baiwa, an sallami kowa daga koyon sa ke nan. Hanyar aiki ce, ana iya kallon ta a kwaikwaya: a je lokacin cin abinci, a zauna, a duba abin da aka bari a kwano, a fara ba da labarin nasu kafin a nemi na mutum. Bayan abin da ya faru da Belmiro an ƙara layi biyu a takardar tambayoyi, an kuma fi yawan ɗaukar hoton ciki, duk na yaba. Amma na ga yadda ake cika layukan, a tsaye, ido na kan allo, amsar kuma ba ta sake ba: lafiya lau. Ku 'yan mata da samarin da za ku gaje ta, kun fi ta karatu, ina murna da haka. Sauranku mako biyu da ita. Ku bi ta hawa na huɗu da kwanonku.

Belmiro ya shekara guda alfadari bai motsa ba. Likita ya ce yana iya tafiya, ya riƙa zuwa sau biyu a shekara. Kafin in gama karanta takardar sallama ya haɗa kayansa, jaka ɗaya ce da ma. Shekara takwas ke nan. Gidan lakan ya rushe, na bulo ne a wurin yanzu, ni kuwa ƙuguna ba ya ɗaukar awa goma a mota, ban ga kogin ba tun jana'izar innarmu. Idan ya zo ganin likita kwana biyu yake yi, rana ta biyu ma ƙafarsa na ƙofa.

Shekaran jiya na kira shi na ce ana bikin sallamar Dona Geralda, ya kamata ya zo, ko don kunya. Ya ce ruwa ya sauka da wuri bana, wake na jiran shuka, ga saniya na gab da haihuwa, wa zai bar wa?

"Ki gaishe ta da kyau, Yaya. Ki ce mata ina da aiki."

Na kashe wayar cikin fushi, na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gadon, don har yau ban mai da ɗakin komai ba. Na daɗe a nan kafin fushin ya sauka.

To, Geralda, ga saƙo na isar: ba zai zo ba, yana da aiki. Na gode. Allah ya ba ki hutu mai tsawo da ƙafar zuwa gida. Ke kika raba ni da ƙanena, kuma ban san wanda ya taɓa yi mini alheri kamar wannan ba.